Akwatin Da Ke But Ɗin Mota Ma Yana Da Tarihi

Da shugabannin zaure suka ce ni ne da maƙalar wannan mako, kuma tarihi suke so, na san da yawa sun ɗauka zan ɗauko zancen Dambazawa, ko zamanin da Babura ke bakin daga tana tare wa Kano mayaƙan Damagaram. Wannan yana nan, kuma akwai waɗanda suka fi ni saninsa a cikinmu. Ni yau but ɗin mota zan buɗe muku.

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Babura zuwa Kano, ta Kanya da Kunya, ya san wannan 'yar rigimar. Ka zo da buhunka, ɗan kamasho ya ɗaga but, sai ka tarar wani akwati lulluɓe da baƙin kafet ya riga ka zama, ya cinye wurin rabin buhu. Ka ce a ɗan matsar da shi, direba ya dube ka kamar ka ce a sauke injin. Wannan shi ne akwatin wufa, gidan babbar sifikar nan da ke sa kujera rawa idan an saki kiɗa.

Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne wannan: ka bi kayan sautin mota ɗaya bayan ɗaya. Rediyon da ke gaban direba daga Japan ko China ya zo. Amfilifaya haka. Waya haka. Ita kanta sifikar, da mayen ƙarfenta da koyil ɗinta, ba a nan aka yi ta ba. Akwatin kaɗai ne namu. Kafintanmu ne ya auna, ya yanka, ya haɗa, kuma an shafe shekaru da dama ana yin haka a garuruwanmu ba tare da wani ya ɗauki alƙalami ya rubuta ba.

Kafin mu shiga tarihi, bari mu fahimci me ya sa sifika ke buƙatar ɗaki tun farko. Sifika takarda ce mai siffar mazurari da ke motsi gaba da baya. Idan ta tura iska ta gabanta, a daidai wannan lokacin ta bar gurbi a bayanta. Siririn sauti bai damu da wannan ba. Amma sauti mai kauri, wanda samari ke kira bes, zangonsa dogo ne. Sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka sautin da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, tsawon zangonsa guda ya haura mita 8, wato ya ninka tsawon motar Golf. Sai iskar gaba ta zagayo ta gefe ta cike gurbin baya, su kashe juna. Shi ya sa idan ka ajiye wufa tsirara a kan tabarma ka jona ta, za ka ga tana ta tsalle kamar za ta yage, amma kunnenka ba ya jin abin kirki. Aikin akwati shi ne ya raba iskar gaba da ta baya.

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa cewa sauti na son kogo ba. Fatar da aka shanya a igiya ba ta da murya, sai an ɗaura ta a bakin iccen da masassaƙi ya rarake. Tambarin fada ya fi kalangu kauri saboda faɗin fatarsa da girman cikinsa. Matan da ke kiɗan ƙwarya sun san idan aka kife ƙwarya a kan ruwa, yawan iskar da aka bari a ƙarƙashinta shi ke sauya amonta. Mai buga shantu ta san dogon shantu da gajere ba murya ɗaya suke yi ba. Ilimin iskar da ke tsare cikin kogo tsohon ilimi ne a wurinmu. Abin da ya zo daga waje shi ne lantarkin da zai maye gurbin hannun makaɗi.

Sifika irin wadda muke amfani da ita yau, mai koyil da mayen ƙarfe, wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana ta a 1925. Shekara biyar bayan haka, a 1930, kamfanin 'yan gidan Galvin ya fito da rediyon mota mai suna Motorola. Mu kuwa a nan Arewa, ba ta mota sifika ta fara shigo mana ba, ta bango ta shigo. A 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta fara kafa lasifikoki a Kano, a wuraren taruwar jama'a irin su gidan waya da laburare da kusa da fadar sarki, ana jawo musu shirye-shirye ta waya daga tasha guda. Tsarin ya fara ne a Legas tun 1935. Mai hali yana iya biyan kuɗin wata a jawo masa waya har gida, a rataya masa akwati. To a lura da kyau: wannan abin ba shi da wurin kama tasha. Akwati ne kawai da sifika a ciki. Ashe rediyon farko da talakan Kano ya sani, akwatin sifika ne tsagwaronsa. Ba banza ba har yau tsofaffi ke cewa akwatin rediyo.

Waya ba ta iso ƙauyuka ba, amma majigi ya iso. Motar majigi ita ce mota mai magana ta farko da mutanen karkara suka gani: janareta, na'urar haska hoto, lasifika, da wani ma'aikaci da ke riƙe da abin magana yana fassara hoton da Hausa, yau zancen tsafta, gobe zancen noman gyaɗa ko auduga. Kakana, Allah Ya jiƙansa, idan yana ba mu labarin majigi ba ya tuna abin da aka haska. Abin da ya riƙe shi ne, mutum ɗaya yana magana a hankali, ba ya ɗaga jijiyar wuya, amma ana jin sa har bayan gari. Ga wanda ya tashi yana ganin mai shela na yawo unguwa-unguwa har muryarsa ta dishe, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Arewa da ke Kaduna ya buɗe a 1962, ƙaramin rediyo mai batir ya shiga aljihun manomi da makiyayi. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset. Amma kaset bai zama ruwan dare a wurinmu ba sai da kuɗin fetur suka zo a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji, lokacin da ma'aikata suka bazama sayen rakoda da babur. A 1975 kuma kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna. Mota ta samu, kaset ya samu, sai direba da mawaƙi suka ƙulla abota. Ba sai na gaya wa kowa matsayin Mamman Shata a wurin direbobi ba, ko Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Doguwar hanya, dare ya raba, fasinja sun yi barci, wa zai taya direba hira in ba su ba?

Sai dai a wancan zamanin direba bai buƙaci akwati a but ba. Wannan shi ne wurin da nake so mu ɗan tsaya. Waƙar Shata murya ce da kalangu da amshi. Kusan duk abin da kunne ke nema a cikinta yana tsakiyar sauti, ba can ƙasa ba. Kuntigi ma siririn sauti ne. Wa'azi da tafsiri, waɗanda su ma kaset ya yaɗa su ƙwarai daga ƙarshen shekarun 1970, murya ce zalla. 'Yar sifikar da ke jikin ƙofa ko bayan kujera ta wadatar. Wanda ke son nisa, kamar masallaci ko ɗan siyasa ko mai tallan magani a kasuwa, sai ya nemi lasifika mai bakin ƙaho, irin su Ahuja ta Indiya. Ita wannan ta iya jefa magana nesa, amma ba ta san kauri ba. Sa mata ganga ka ji kamar ana dukan gwangwani.

Waɗanda suka fara neman akwati na gaske su ne masu sayar da kaset. Shagon kaset a bakin tasha ko kasuwa ba shi da allon talla da ya wuce sautinsa. Wanda sautinsa ya fi cika wuri shi jama'a ke tsayawa a gabansa. Sai mai kaset ya je wurin mai gyaran rediyo a haɗa masa amfilifaya, ya je wurin kafinta a yi masa akwati biyu ya girke a ƙofar shago. Mai tura baro yana yawo da kaset shi ma ya sa a yi masa ƙarami, ya ɗora batirin mota a gefe. A tsakanin teburin mai gyaran rediyo da rumfar kafinta aka haifi wannan sana'a, kuma har yau ba ta da suna nata na kanta.

Me ya sa ba a sayo akwatunan a haɗe daga waje ba? Ana sayowa, amma lissafin kasuwa bai goyi bayan haka ba. Akwatin sifika yawancinsa iska ne da katako. Ɗan kasuwar da zai biya kuɗin jirgi da na kwastan ba zai so ya yi dakon iska daga wata nahiya ba. Wurin da akwati ɗaya zai ci a kwantena, sifika tsirara masu yawa za su shiga. Sannan ga abin da ya faru a 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira. Sabon kaya ya gagari talaka. Aka koma gwanjo da gyara. Motoci na hannu suka riƙa shigowa daga Kwatano, da yawansu ta cikin Nijar, kuma mu da ke bakin iyaka ba labari aka ba mu ba. Sifikar da ta ƙone ba a yar da ita, sai a sake naɗa mata koyil. Wadda takardarta ta yage a liƙe ta. Wadda aka ciro daga tsohuwar rakoda a yi mata sabon gida. Talauci ne ya zama malamin wannan makaranta, kuma ya yaye ɗalibai masu kyau.

Abin da ya kai akwatin cikin but kuwa, a ganina, sauyin kiɗa ne. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kuma kafin shekaru goma su cika, harkar finafinan Hausa ta kafa nata salon waƙa, wanda aka gina a kan fiyano ta Yamaha maimakon kalangu. Wanda ya ji tashen Sangaya ya san me nake nufi. Ita fiyano gangarta ta lantarki ce, tana sauka ƙasa inda kalangu bai taɓa zuwa ba. Da situdiyo suka koma kwamfuta, abin ya ƙara zurfi. 'Yar sifikar ƙofa da ta yi wa Shata hidima shekara ashirin ba ta gaza ba, da aka sa mata kiɗan fiyano sai ta fara kakari. Ga kuma waƙoƙin Indiya da na Kudu da na Amurka a faifan CD, daga baya a memori. Direba ya ji yadda waƙar ke tashi a shagon mai kaset, ya shiga motarsa ya ji rabinta ya ɓace. Sai ya nufi rumfar kafinta.

Siyasa ta ƙara wa wutar fetur. Daga 1999 zuwa yau, babu zaɓen da za a yi ba a ga a-kori-kura ɗauke da janareta da akwatuna jere tana zaga ƙauyuka ba. A 2015, da ɗan garin nan Muhammad Badaru Abubakar ya tsaya takarar gwamna, wanda ke Babura a lokacin ya san kunne bai huta ba, daga kowane ɓangare. Bayan 'yan siyasa sai masu DJ na gidan biki, waɗanda suka karɓe filin da a da na makaɗa ne. Wannan wani tarihin ne mai ɗaci, na bar shi sai wani makon.

Yanzu bari mu leƙa waje kaɗan, don mu ga abin da wasu suka yi da wannan akwatin. A Amurka, Albert Thuras na ɗakin binciken Bell ya samu rajistar akwati mai ƙofar iska a 1932, wato wanda ake huda masa rami ko a sa masa bututu don iskar ciki ta fito ta taimaki ta waje. Dabarar ita ce dai wadda yaro ke yi idan ya busa bakin kwalba ta yi gunji. A 1954 Edgar Villchur ya nuna cewa ƙaramin akwati rufaffe ruf, wanda iskar cikinsa ke riƙe sifika kamar sifirin, yana iya ba da kauri mai tsafta. A 1961 Neville Thiele a Ostareliya ya fitar da lissafin da ke haɗa halin sifika da girman akwatin da ya dace da ita, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Lambobin da kuke gani a takardar da ke zuwa cikin kwalin sabuwar wufa, sunan mutanen nan biyu suke ɗauke da shi.

Amma waɗanda suka fi kama da mu su ne mutanen Jamaika. A ƙarshen shekarun 1940, a birnin Kingston, wani mai suna Hedley Jones da ya koyi aikin lantarki a rundunar sojan saman Ingila ya riƙa haɗa amfilifaya da hannunsa, masu kiɗan titi kuma suka riƙa sa kafintoci na yi musu akwatuna masu girman kabad. Talakawa ne, kayan aikinsu tsince-tsince ne, kamar namu. Bambancin shi ne su sun rubuta sunayen maƙeran nasu, an yi littattafai da finafinai a kansu, har jami'o'i na nazarin aikinsu. Mu kuwa mun san sunan mawaƙi, mun san sunan wanda aka yi wa waƙar, amma wanda ya yi akwatin da muka ji ta a ciki, ko a unguwarsu sunansa mai gyaran kujera.

Ni kaina da wannan rainin na fara. Bayan na gama diflomata a Kazaure ina zaman jiran aiki, sai yayana, wanda ke jan Golf a hanyar Kano, ya dawo daga kasuwar Sabon Gari da wufa ta hannu mai inci 12. Na ce masa, "Yaya, kada ka kai wa kowa, ni zan yi maka." Na duba a intanet, na ga irin wannan sifikar tana son rufaffen akwati mai cin lita 30 zuwa 35. Na yi lissafi a takarda: ciki santimita 35 a tsaye, 35 a kwance, 28 a zurfi, ya ba ni lita 34 da ɗoriya. Lissafi ya yi daidai. Sai na ɓalle siririn katakon bayan wata tsohuwar kabad, na haɗa da ƙusa, na lulluɓe da kafet ya yi kyau a ido. Da aka jona, akwatin ya fi sifikar surutu. Kowane bango nasa rawa yake yi, iska na fita ta kowace kusurwa tana fito. Kwana uku a kan hanya, gargada ta buɗe masa baki. Yaya bai ce mini komai ba, ya dai ajiye mini shi a ƙofar ɗaki. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Haka na ɗauki sifikar na tafi wurin wani dattijon kafinta da aka ce tun zamanin masu kaset yake wannan aiki. Na gaishe shi, na miƙa masa takardata. Ya juya ta sama da ƙasa ya miƙo mini.

"Ɗan boko, riƙe abarka. Miƙo mini ita kanta."

Ya ɗora sifikar a cinya, ya danna takardarta da yatsu a hankali, ya saki, ya sake dannawa. Ya ɗaga ta ya ji nauyin mayen ƙarfen. Sannan ya auna katako da taƙi, ya ja layi da fensirin da ke bayan kunnensa. Na ce, "Baba, lita nawa zai ci?" Ya ce, "Mai za ka zuba a ciki?"

Na zauna kwana biyu ina kallon aikinsa, kuma a nan na ga abin da takardata ba ta faɗa mini ba. Katako mai kauri ya ɗauko, MDF mai milimita 18, ya ce siriri ganga ne, shi kuwa ba ganga yake so ya yi ba, ɗaki yake ginawa. Wannan maganar ta tsaya mini, domin a nan ne akwatin sifika ya rabu da tambari: jikin tambari ana so ya amsa, jikin akwati ana so ya yi shiru. Bai yarda da ƙusa ba. Gam ya shafa a kowace gaɓa, sannan ya ɗaure da sukuru, bayan ya fara huda musu hanya don kada katakon ya tsage. Fuskar da za ta ɗauki sifika ya ninka ta biyu. A ciki ya gitta tokara daga bango zuwa bango. Ya kwaɓa garin katako da gam ya bi duk kusurwoyin ciki ya toshe, har ramin da waya za ta fita. Ya shafe waje da fenti kafin kafet, ya ce wannan katakon ba ya shiri da damina, in ya sha ruwa kumbura yake kamar burodi. Yana yi yana ƙwanƙwasa bango da gaɓar yatsa. Inda ya ji amo, ya ƙara tokara. Inda ya ji tauri kamar dutse, ya wuce.

Kafin a ɗaura sifikar, rashin kunyar boko ta motsa mini. Na je gida na auno gero, na zo da galan mai lita 4, na riƙa cikawa ina juyewa a akwatin. Galan takwas ya ci, da ɗan abin da bai kai rabin galan ba. Lita 33 da wani abu ke nan. In ka cire wurin da bayan sifikar zai ci, muna tsakiyar abin da takardar kamfani ta nema. Mutumin da bai taɓa jin sunan Thiele ba ya iso inda Thiele ya iso, da yatsa da kunne da shekara talatin na kuskure da gyara. Ya sa ni na kwashe geron tas, ya cusa ɗan soson matashi a ciki, ya ɗaura sifikar, ya danna ta da tafin hannu. Ta dawo a hankali kamar mai jin nauyin jiki. Ya ce, "Ka ga ba ta sauri? Iska ba ta da hanyar gudu."

Kada in yi muku ƙarya in ce kunne ya isa komai. A rumfarsa akwai wani akwati mai bututu da wani mai DJ ya dawo da shi, sifikar ta yage. A nan ne ido da taƙi ke gazawa. Faɗin bututu da tsawonsa da girman akwati su ke yanke sautin da akwatin zai fi ƙarfafawa. In an huda da ka, sai a samu akwati mai gunji a murya ɗaya, kowace waƙa ta zama iri ɗaya. Mafi muni, duk sautin da ya sauka ƙasa da wanda aka saita bututun a kai, iska ba ta riƙe sifikar, sai ta yi ta dukan banza har ta yage. Na zauna na yi masa lissafin, muka sauya tsawon bututun da guntun fayif na ruwa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce ashe takardar ma tana da rana. Haka kuma zancen wuta. Amfilifaya mai ba da wat 500 na gaske tana iya jan sama da amfiya 40 daga batir mai bolt 12. Na sha ganin an ja siririyar waya daga batir har but, ta ƙarƙashin kafet, ba fis. Ranar da ƙarfe ya ci rigar wayar nan, mota ce za ta kama. Fis ɗin kusa da batir ake sa shi, kamar taƙi ɗaya, ba can kusa da amfilifaya ba. Shi kuma wat dubu biyar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ku bar shi a jikin kwalin.

Kuma kada a ɗauka don na rubuta tarihin abu na zama lauyansa. Tsohuwar da aka sa a kujerar baya, bayanta jingine da akwatin nan tun daga Babura har Kano, ba ta biya kuɗin mota don a girgiza mata ƙirji ba. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a ma'aunin ƙara 85 na tsawon awa takwas, kuma direban da ke wuni cikin ƙarar da ta wuce haka yana cin jarin kunnensa ne ba ya sani, don jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ga rashin jin odar motar da ke bayanka. Hukumar kula da muhalli ta NESREA tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009, amma a tasha dokar da ta fi aiki ita ce dattijon da zai ce, "Direba, rage mana." Direban kirki kuwa yana ragewa.

Da na tambayi Baba ko yaransa sun iya wannan aikin, sai ya nuna mini su da haɓa, suna can suna goge fuskar gadon amarya. Ya ce wa zai koya? Yanzu yaro zai shiga kasuwa ya sayo akwatin roba na China, da batirinsa da fitilunsa masu walƙiya, ya haɗa da wayarsa ba tare da igiya ba. Mai shayi shi yake ajiyewa, mai tallan magani shi yake ratayawa, masu tura waƙoƙi a waya da suka gaji masu kaset su ma shi ne a teburinsu. In ya lalace ba a gyarawa, sai a sayi wani. Masu DJ da 'yan siyasa ne kaɗai suka rage masa, su ma na biyun sai shekara huɗu-huɗu. A da, in ji shi, akwai watan da ba ya taɓa aikin ƙofa ko taga saboda akwatuna. Ya lissafa mini masu shagon kaset da ya yi wa aiki, daga nan har Kazaure da Ɗambatta, da wasu da ke tsallakowa daga wajen Magarya. Yawancinsu sun rasu ko sun sauya sana'a.

Akwatin Yaya ya yi shekara biyu a but bai ko yi tari ba. Abin da ya fitar da shi ba gargada ba ce. Bayan an cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, Yaya ya zauna ya yi nasa lissafin: wurin rabin buhu, sau biyu a rana, kwana shida a mako. Wata safiya na ga ya kwance wayoyin, ya kinkimo shi ya shigo da shi zaure. Yana nan har yanzu a gefen tabarma, an jona shi da batirin sola da wani tsohon rediyon mota, da shi ake jin labaran safe. Yara sun mai da samansa wurin ajiye tiren shayi, kuma duk lokacin da mai karanta labarai ya yi gyaran murya, sai cokula su amsa.